Ranar da Nomau Ya Goge Ɓarza

Da sunan Allah nake farawa, Wanda ya shimfiɗa abin da ya shimfiɗa, ya naɗe abin da ya naɗe, bai nemi shawarar kowa ba. Jama'a, ku gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, don in na kama zance ba na son a katse ni. Ni ne Korau mai tufka, wanda igiyarsa ta ɗaure raƙumi ta ɗaure jaki, ta jawo ruwa daga rijiyar da ba a hango gindinta. Abin da zan ba ku ba ji na yi ba, da ƙafata na taka, da idona na gani.

Wata shekara fatake suka kawo mana labarin wata ƙasa a bayan Tekun Gishiri, ana kiranta Naɗe, wai a can igiya ba ta tsinkewa har mai ita ya mutu jikokinsa su gada. Tun da na ji haka tuwo ya daina yi mini daɗi, na ce sai na je na koyo wannan tufka. Taubashina Nomau, ɗan gwoggona, ya ce ƙafata ƙafarsa. Nomau mai wanki da guga ne, irin mutumin da in ya hango rigar na gabansa a yamutse a sahu, sai ya rasa raka'a ta nawa ake. Ya rataya dutsen gugarsa a kafaɗa, ya cika jaka da gawayi. Gwoggo ta raka mu har bakin gari, ta kama kunnena ta ce, "Korau, kai ne mai ɗan sauran hankali a cikinku. Yadda ka tafi mini da shi, haka za ka dawo mini da shi."

Muka keta dajin da itatuwansa ke bin rana suna tafiya, muka wuce garin da ake sayar da inuwa a kwando. Tekun Gishiri kuwa a bayan wani ƙaton kunkuru muka haye shi, wanda ladan fitonsa labari ne, in aka yi masa ƙarya kuma sai ya ɗan nutse. Nomau ya ba shi labarin wata rigar attajiri da ya goge har ƙuda ya sauka a kanta ya zame ya karye. Ruwa ya kawo mana wuya. Da ƙyar na ceto mu da labarin yadda ake jiƙa rama, wanda ba shi da daɗi ko kaɗan amma gaskiya ne.

Da muka shiga Naɗe sai muka saki baki. Ba jaki, ba keke, ba guduma, duk aikin ƙasar wasu halittu ne suke yi, ana ce musu naɗaɗɗu. Wani an yi shi da aljihu, dako yake yi, ya ɗauka a nan ya sauke a can. Wani dogo ne mai tauri, shi ke riƙe rufin ɗaki. Wani kamar bututu yake, yana zaune a cikin katanga, ruwa kaɗai yake bari ya wuce. Kowanne ka duba ƙirarsa, ka san aikinsa tun ba a gaya maka ba.

Wata tsohuwa mai suna Inna Dela ta sauke mu, mace mai faɗa da baki da alheri da hannu. Ta kawo mana tuwon dawar dutse, abincin ƙasar ke nan, muka ci muka yi nak. Da azahar ta ja ni bayan gida don in ga igiyoyin rufi, Nomau ya ce shi zai ɗan kishingiɗa. Ashe ba kishingiɗa a ransa. Al'adarsa ce duk gidan da ya ci tuwo sai ya goge wa masu gidan wani abu kafin ya tashi, wai shi ne godiyarsa.

Muna dawowa muka tarar da shi tsaye yana washe baki, dutsen guga na hayaƙi a gefe. A kan tabarma ga wani dogon zare mai jere da duwatsu kala-kala kamar carbi, an miƙe shi samɓal daga bakin ƙofa har gindin rumbu.

"Inna, ga ɗan abin da na iya," in ji shi. "Na tarar da sarƙar wuyanki a kan turmi duk ta cukurkuɗe, kamar akuya ta tauna ta tofar. Sai da na ƙara gawayi kafin ta ji magana."

Inna Dela ta ɗora hannu biyu a ka ta kurma ihu. "Wayyo Ɓarza! Jama'a ku fito, baƙo ya goge mini Ɓarza!"

Kafin ka ce kwabo gidan ya cika. A nan muka ji abin da ya faru. Dawar dutse tauri gare ta, turmi ya tsage bai fasa ta ba, dutsen niƙa ya lotse bai ɓarza ta ba. Ba ta fashewa sai an matse ta a daidai wata 'yar tsaga da ke cikinta, ta sama da ta ƙasa lokaci guda. Naɗaɗɗiya ɗaya ce a duk unguwar da bakinta ya dace da wannan tsaga, ita ce Ɓarza, kuma barcin rana take yi a kan turmi lokacin da taubashina ya yayyafa mata ruwa ya ɗora mata wuta. Garin gyaran gira ya tsone ido.

Mai unguwa ya zo ya faɗi dokar ƙasa: wanda ya miƙe naɗaɗɗe, shi zai gaji aikinsa. In an mayar da ita yadda take kafin a girbe sabuwar dawa, ya tafi abinsa. In ba a mayar ba, ya zama na bakin turmi har ƙarshen ransa.

"To da me zan fasa?" Nomau ya tambaya.

"Da abin da ya fi kama da bakin Ɓarza," in ji mai unguwa. "Haƙoranka."

Wallahi na so in yi dariya, amma da na ji ƙarar ƙwayar farko a bakinsa, na ga hawaye ya zubo masa, sai dariyar ta tsaya. Na tuna kunnena a hannun Gwoggo. Na leƙa gona na ga dawa ta riga ta fitar da kai.

Na naɗe hannun riga na ce a ba ni wuri, zare ne dai, kuma ni a cikin zare na yi furfura. Na naɗe Ɓarza tsaf kamar gammo. Ta ɗan motsa, aka sa mata dawa, dawar ta faɗo ta ƙasa. Na warware, na saƙa ta kamar faifai, da ado har da ɗan tuntu. Wannan karon baki ya fito, amma ta gefe, ta ƙi dawa ta cafki yatsana. Matan unguwa suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Inna Dela ta share hawaye ta ce, "Kai ɗan nan, bar wahalar da ita. Duba duwatsun nan da kyau. Masu maiƙon nan gudun ruwa suke yi, wurinsu can ciki, a ɓoye. Masu ƙyallin nan ruwa suke so, su ne a waje. Ja yana neman baƙi, ko da ɗaya yana farkon zare ɗaya yana ƙarshe, sai sun haɗu sun riƙe juna. In kowa ya zauna inda jerin ya ajiye shi, baki zai fito da kansa daidai da dawa. Kai kuwa kyau kake nema."

"To wa ya iya, Inna?"

"Ba wanda ya iya. Sai dai ka kai ta Dutsen Sanyi wurin Maitulu. Ka naɗe ta a jiƙaƙƙen zane, kada ka bari maiƙonta ya taɓa wani zare a hanya. Kuma ka yi hankali da 'yan datsa."

Na jiƙa rawanina na ƙunshe Ɓarza, na je yi wa Nomau sallama. Yana zaune gaban turmi, kumatu a kumbure. Na ce, "Ka riƙa tauna a hankali, kada ka cinye wa mutane abinci." Ya ce, "Tafi can, mai ƙafar agwagwa. In ka daɗe, da dasashi zan zage ka." Muka yi dariya, amma da na juya baya idona ya cika.

Abin da na fara tararwa wata gada ce a kan kwazazzabon da ba a jin ƙarar dutse in an jefa. Ga igiyar da ta raba ni da gida! Naɗaɗɗu ne dogaye, uku-uku suke murɗe juna, matse ƙam, ko allura ba ta shiga tsakani. Da a ce ba ni da kaya a baya, da a nan zan tare in yi ta kallo. Na shafa ta kawai na wuce, raina yana ja na baya.

Na shiga wani fili mai ciyawa, rana ta take, rawanina ya fara bushewa. Sai na ji gungurin wani abu a bayana. Na waiga na ga wasu halittu kamar ganga marar fata, cikinsu duk wuƙaƙe, suna mirginowa. 'Yan datsa ke nan, masu sharar ƙasar. Duk zaren da suka sansano maiƙonsa a waje, sun san ya lalace, sai su zuƙe shi ta wannan baki su tofar da duwatsunsa ta wancan, a je a jera sabo da su. Ba mugunta suke yi ba, aikinsu ne, amma ni ba ni da lokacin jiran a jera wata Ɓarza.

Na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ina gudu ina haki har na faɗa wata fadama mai wari. Tirƙashi! Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago. Fadamar cike take da zarurrukan da suka warware ba a kula da su ba, maiƙon wannan ya manne da na wancan, sun zama wani ƙaton curi mai yauƙi da ba ya aikin komai sai kamu. Hannuwa suka miƙo ta ko'ina suna lalubar ƙunshina. Ɗaya ya sami inda rawani ya buɗe, ya lanƙwame wutsiyar Ɓarza yana ja.

Ga 'yan datsa a baya sun tsaya bakin fadama, don warin ruwa ya ɓatar musu da ƙanshi. A nan Allah ya ba ni dabara. Na ciro 'yar igiyata ta rama, na yi zarge, na jefa na kamo wani zare mai kauri daga jikin curin, na ja shi da ƙarfin tsiya har bakin tudu, gaban hancin gangunan nan. Kai, ba ku ga murna ba! Suka yi caa a kansa, suka bi shi suna datsa har cikin fadama. Curin ya ji wuƙa ya saki komai, ni kuma na fizge Ɓarza, na tsoma rawani a ruwa na sake ƙunshe ta, na bi ta gefe na fice. Takalmina ɗaya yana can har gobe.

Na isa Dutsen Sanyi ƙafa a kumbure. A bakin wani marmaro na tarar da wani tsoho siriri yana gyangyaɗi kusa da tulun da ya fi ni tsayi. Tulun ma naɗaɗɗe ne, yana numfashi a hankali, da murfinsa a gefe.

"Salamu alaikum, Baba. Kai ne Maitulu?"

"Haka suke cewa. Me ka lalata?"

"Ba ni ba ne, taubashina ne."

"Kowa ya zo nan haka yake cewa. Buɗe mu gani."

Ya bi zaren da yatsa daga farko har ƙarshe, yana duba duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Na kasa haƙuri na ce, "Baba, gaya mini gaskiya. A garinmu ƙwan da ya dahu ba ya komawa ɗanye."

"Ƙwai ai taron jama'a ne," in ji shi. "Wuta ta warware su da yawa a wuri ɗaya, kowa ya kama na kusa da shi, wa zai raba? Taka ita kaɗai aka goge, zaren bai tsinke ba, dutse ko ɗaya bai ƙone ba. Wanda ya yi gugar nan wawa ne, amma hannunsa da sauƙi."

Ya zura ta cikin tulun, ya zuba ruwan marmaro, ya rufe. Na matso na ce, "To yanzu ta ina za mu fara naɗin?"

"Mu wa? Zauna."

"Ba za ka sa hannu ba?"

"Ni aikina in hana a dame ta. Tulu aikinsa ya raba ta da 'yan kamu. Naɗi kuwa yana cikin jerinta tun ranar da aka jera ta. Na ga hannunka yana ƙaiƙayi, zauna a kansa."

Haka na zauna a kan tafukana kamar yaron da aka yi wa horo, ni Korau da ake kira gari-gari don in ɗaure abin da ya gagara. Tulun ya yi ta juyi yana ƙugi. Can murfi ya buɗe, Baba ya leƙa ya ce da saura, ya mayar. Na tambaye shi ko a wasu ƙasashe akwai irin waɗannan halittu. Ya yi dariya ya ce, "A cikin jikinka ma cike suke, sai dai ƙanana ne, ido ba ya gani. Su ke narka maka tuwo, su ke dakon numfashi a jininka." Na ɗauka zolaya ce irin ta tsofaffi, sai da na dawo gida wani likita ya ce mini haka ne, wai su furotin suke kiransu.

Da murfi ya sake buɗewa, Baba ya zura hannu ya ɗauko wani abu ya ɗora mini a cinya. Na duba na ji kamar in fashe da kuka. Wani dunƙule ne mummuna, nan a murɗe, can a ninke, gefe guda a lotse, ga kuma wani guntun zare yana reto a waje ba a cusa shi ko'ina ba. Ko almajirin tufka na ranar farko ba zai yi wannan aika-aika ba.

"Baba, ba ta gama ba."

"Ta gama. Tashi ka tafi, na ji ana wasa lauje a ƙasa."

Na saɓa ta na kama hanya, ba tsayawa. 'Yan datsa suka wuce ni ko kallo ba su yi mini ba, wannan ya ɗan kwantar mini da rai. Amma guntun zaren nan ya hana ni sakat, yana ta kaɗa mini a wuya. A tsakiyar gada na tsaya na zaro wuƙa, na ce in yanke shi kawai aiki ya yi tsabta, don a sana'armu barin bakin igiya a sake abin kunya ne. Har na ɗora kaifi a kai. Sai na tuna yatsana da aka ciza da dariyar matan unguwa, na mayar da wuƙa kube, na cusa hannuwana a hammata, na ƙarasa gadar a haka.

Na shigo gari na tarar an fara shigo da dammunan sabuwar dawa. Mai unguwa yana tsakar gidan Inna Dela da igiyar ɗaure Nomau a hannu, jama'a sun kewaye. Nomau yana gaban turmi ya rame, wuya ya yi tsawo, bakin nan duk giɓi. Ya ɗauki wata ƙwaya yana jujjuya ta, yana neman inda sauran haƙori yake.

"Dakata!" na yi ihu. "Ga ta nan!"

Na ɗora Ɓarza a kan turmi. Inna Dela ta ɗebo dawa ta zuba a gabanta, ta ja da baya. Ɓarza ba ta motsa ba. Muka jira, shiru. Wani daga baya ya ce, "Ai dama ba a dawowa daga guga." Mai unguwa ya fara warware igiyarsa. Na dubi Nomau, ya dube ni, ya yi ƙoƙarin yi mini murmushi don kada in ji kunya, wannan kuwa ya fi komai ƙona mini rai.

Sai guntun zaren nan ya ɗaga. Ya yi 'yar lalube a kan turmi, ya taɓa ƙwaya ɗaya, ya cafko ta, ya jefa cikin lotsattsen gefen nan da na raina. Gefen ya rufe a kanta daidai wa daida.

Ƙas!

Ƙwaya ta rabe biyu, fari tas. Kafin ta faɗi zaren ya cafko wata. Ƙas, ƙas, ƙas, gari ya fara taruwa a turmi. Mata suka rangaɗa guɗa, Inna Dela ta kama rawa tana zagin Ɓarza tana sa mata albarka. Mai unguwa ya naɗe igiyarsa ya ce baƙo ya tashi, ya kuɓuta.

Nomau bai tashi ba. Ya tofar da ƙwayar da ke bakinsa a tafin hannu, ya dube ta, ya miƙa wa Ɓarza da hannu biyu kamar mai ba surukarsa goro. Ta karɓa ta fasa. Sannan ya kama rigata ya miƙe, ya kifa kansa a kafaɗata yana kuka, ni ma na biye masa, ba kunyar kowa.

Da ya sami numfashi ya ce, iska na fita ta giɓi, "Korau, ka daɗe."

"Na daɗe."

"Kullum sai sun ce ka gudu. Ni kuwa na ce musu mai ƙafar agwagwa ba ya gudu, tafiya ce dai ba ya iyawa." Ya share fuska da bakin rigata. "Mu je gida. Amma ka ce wa Inna Dela ta dama mini kunu, tuwo ya fi ƙarfina."

Iyakar abin da na gani ke nan a ƙasar Naɗe. Inda na ƙara gishiri Allah ya yafe mini, inda na rage kuwa ku je ku tambayi Nomau, in kun iya gane abin da yake faɗa.